Darasi: Idan Sukari Ya Hau Ga Mai Ciwon Sukari

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a masallatanmu muna ganin dattijon da alwalarsa ba ta daɗewa. Tsakanin Magariba da Isha'i zai fita bayan gida sau biyu ko uku, buta ba ta rabuwa da hannunsa, kuma kullum bakinsa a bushe. Mukan ce tsufa ne, ko zafin bazara. Sau da yawa kuwa sukari ne ya hau a jininsa.

Ciwon sukari nau'i na biyu shi ne wanda ya fi kama manya. Jiki yana yin sinadarin insulin, amma bai isa ba, ko kuwa jikin ba ya amsa shi, sai sukari ya taru a jini. A asibitocinmu ana auna shi da giram cikin lita guda ta jini. Wanda aka auna da safe bai ci komai ba, aka sami 1,26 ko fiye har sau biyu, to yana da ciwon. Idan sukarin ya wuce wajen 1,80, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuwa ba ya fita sai ya ja ruwan jiki tare da shi. Wannan ne asalin yawan fitsari da ƙishirwa da kasala da gani dishi-dishi.

A nan ne tausayi kan yi ɓarna. Maras lafiya ya ce ƙishirwa, sai iyali su kawo masa lemun kwalba, ko shayi mai kauri, ko fura da sukari don ya sami ƙarfi. Kowane kurɓi yana ƙara sukari, sukari yana ƙara fitsari, fitsari yana ƙara ƙishirwa. Cikin ƴan kwanaki jiki ya bushe, sukari ya kai giram 6 ko fiye, hankali ya fara gushewa. Wasu sai su ce iska ce ko sammu, a ɓata kwana biyu ana turare, alhali ƙarin ruwa da insulin yake bukata. Ko zuma, wadda Allah Ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, mafi yawanta sukari ce, kuma ba a ba da ita ga wanda sukarinsa ya riga ya hau.

Hawan sukari ba ya rasa dalili. Ko dai an bar shan magani don kuɗi sun ƙare ko don an ji sauƙi, ko an yi biki an ci fiye da ƙima, ko wata cuta ta shigo, kamar masassara, ko miki a ƙafa, ko ciwon mafitsara. Akwai kuma ƙwayar dexamethasone da ake saye a kasuwa don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, wadda ke tayar da sukari ƙwarai.

Wanda ya ga alamun nan ya auna jininsa, a gida in yana da na'ura, ko a likita mafi kusa. Ya yawaita shan ruwa zalla. Ya sha maganinsa yadda aka rubuta masa, kada ya ninka da ra'ayin kansa, kada kuma ya ari na maƙwabci. In awo ya wuce giram 3 (wasu na'urori sukan rubuta 300) kuma bai sauka ba, ya ga likita a ranar. Idan kuwa amai ya zo, ko ciwon ciki, ko numfashi da sauri, ko barci mai nauyi da ruɗewar magana, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Sai batun azumi, wanda shi ne ya fi yi wa mutanenmu nauyi. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2016, ta sabunta a 2021, sun ce mai azumi ya sha ruwa idan sukarinsa ya haura giram 3, ko ya sauka ƙasa da 0,70. Wannan bai saɓa wa shari'a ba. Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba maras lafiya izinin ya sha, ya rama daga baya. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma sun ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa wajibi ne a kansa. Saboda haka muna ganin kuskure ne a riƙa yaba wa dattijon da ya daure har faɗuwar rana yana tangaɗi, kamar yadda kuskure ne a yi wa wanda ya sha kallon mai raunin imani. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi.

Mai wannan ciwo ya je wurin likitansa tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban, a duba ko zai iya azumin, a gyara masa lokutan magani. Wanda aka tabbatar ba zai iya ba har abada, ya tambayi limaminsa hukuncin ciyarwa.