Ɗaukar hoton takarda ba shi ne adana ta ba

Aikina a ɗakin karatu shi ne kula da tsofaffin takardun da aka ɗauki hotonsu aka zuba a kwamfuta, mafi yawansu rubutun ajami da na Larabci. Masu kawo mana kundayen kakanninsu kan ce, "Alhamdu lillahi, tunda ya shiga kwamfuta ai shi ke nan." Ni kuwa a wurina ranar ce aikin ke somawa.

Takarda, in ta tsira daga gara da ruwa da gobara, tana iya shafe ɗaruruwan shekaru a gafaka ba wanda ya waiwaye ta. Fayil ba ya jure irin wannan sakaci. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a faifan LaserDisc, don cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday. Ba a yi shekara 20 ba na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto aikin a 2002. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta a kan fata, yana nan ana karanta shi.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban. Na taɓa shiga wani ofis aka nuna mini kwafi ukun da alfahari, ga su jere a durowa guda, a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ta ƙona na'ura.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lalacewar da ido ba ya gani. Fayil yana nan da sunansa da girmansa, amma wani ɗan yanki a cikinsa ya sauya, sai ranar da aka buɗe a tarar rabin shafin ya zama toka-toka. Shi ya sa duk fayil da ya shigo hannunmu muke fitar masa da lambar shaida ta hanyar lissafin SHA-256, lamba mai haruffa 64 wadda ke canzawa da zarar wani abu ya motsa a cikinsa. Lokaci-lokaci a sake lissafin a gwada da ta farko. In sun saɓa, a ɗauko lafiyayyen kwafi a maye gurbin gurɓataccen. Aiki ne mai gundura, ba a kiran 'yan jarida a kansa, kuma shi ake fara watsarwa in ma'aikata sun yi ƙaranci. Wanda bai yi shi ba zai yi ta kwafar ɓarna daga faifai zuwa faifai yana zaton adanawa yake.

Hoton asali a TIFF muke ajiye shi, murya a WAV, rubutu a PDF/A, don tsare-tsare ne da kowa ya san sirrinsu. JPEG na masu karatu ne. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, wasulan ajami kan dushe. Sannan kowane kundi da bayaninsa: sunan littafin, marubucin, gidan da ya fito, jerin shafuka. Hoto dubu mai lamba kawai ba mai iya neman komai a ciki.

Manya ma ba su tsira ba. A Oktoban 2023 gungun masu kutse na Rhysida suka afka wa British Library a Landan. Kwafin tarinsu ya tsira, amma na'urorin da ke kai shi ga masu karatu sun durƙushe, aka yi watanni ana gyara. Wannan ɗakin karatun ne ke tafiyar da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, wanda ya ɗauki hoton rubuce-rubuce a Nijeriya da Mali, bisa sharaɗin asalin takardun su zauna a ƙasarsu tare da kwafi.

Don haka in an zo ɗaukar hoton littattafan gidanku, ku tambaya ina za a ajiye kwafin, wa zai riƙa duba lafiyarsa, da kuɗin wa bayan tallafin aikin ya ƙare. Ku karɓi naku kwafin a TIFF tare da bayaninsa, asalin takardun kuma a mayar muku da su a ƙirge.