Darasi: Wayar Hannu da Amanar Sirrin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da ba ya rabuwa da jakar kowacce daga cikinmu ne, wato wayar hannu.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A 2002 masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe, wasu masaƙun suka biyo baya, magidanta da dama suka rasa aiki. Dole mata a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa suka ƙara ɗaura ɗamarar sana'a. Yau ga shi da waya ake tallar atamfa da turaren wuta, da ita ake zubin adashi. Wannan ni'ima ce. To amma waya ɗaki ce, hotunanmu da hirarmu da kuɗinmu duk suna ciki. Shin mun sa wa ɗakin nan ƙyaure?

Me addini ya ce?

A Suratun Nur aya ta 27, Allah Ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. A aya ta 58 Ya umurci har yaran gida su nemi izini a lokuta 3: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan isha'i. A Suratul Hujurat aya ta 12 Ya hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da gulma. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) gargaɗi mai tsanani ga mijin da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsa da matarsa, malamai suka ce mace ma hukuncin ya hau kanta. Ke nan sirri amana ce, namu da na wasu.

Ƙofofin da sirri ke fita

1. Hoto da bidiyo. Da yawanmu mun tuna 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, tun ba a san WhatsApp ba. Balle yanzu. Ki sani, abin da kika goge masu ilimin abin na iya dawo da shi, wanda kika tura kuwa ya bar hannunki. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka. Duk hoton da ba ki so mahaifinki ya gani, kar ki ɗauka, ko don maigida ne. In za ki kai gyara ki cire layi da memori, kuma ki tsaya a yi a gabanki. A wajen biki, kar ki ɗauki matan da suka yaye lulluɓi ba da izininsu ba.

2. Manhajojin ba da bashi. Jari ya karye, sai a ce ga rance nan take. Kafin su ba ki, sai su nemi izinin shiga lambobin wayarki. Ranar da kika makara, sai saƙon cin mutunci ya isa ga surukarki da malamar Islamiyya. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, kamfanin Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Duk da haka ba a rasa masu zagayowa ta bayan gida. Ga riba kuma, wadda Allah Ya haramta. Adashin 'yan uwa ya fi mana rufin asiri.

3. Lambobin sirri. An soma BVN a 2014, a Disambar 2020 aka umurci a haɗa layi da lambar NIN. Yanzu layinki makullin asusunki ne. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrin katinki, ko lambar da aka turo miki ta tes. Haka lambobi 6 na WhatsApp: in kika bayar, sai a ƙwace shafinki a riƙa roƙon kuɗi da sunanki. A wajen mai POS, ko a Kasuwar Monday ne ana cunkoso, ki danna lambarki da kanki, ki kare da hannu. In waya ta ɓace, a rufe layi da asusu tun kafin a fara jaje.

4. Wasannin yara. Mukan miƙa wa yaro waya don ya bar mu mu yi girki. Wasu wasannin intanet, irin su Free Fire da PUBG, suna da wajen hira da baƙi, ana kuma sayen kaya a ciki da kuɗi. Ki zauna ki ga wasan da idonki, ki ƙayyade lokaci, ki koya masa kar ya faɗi sunan unguwa ko makaranta ko ya tura hoto.

Sai mu waiwayi kanmu

'Yar uwa, binciken wayar maigida yana barci fa? Sauraren kiran abokiyar zama fa? Tura muryar da ƙawa ta kawo miki kukanta zuwa zauren WhatsApp fa? Duk suna cikin abin da aka hana. Aure nawa ya mutu a kan haka? In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yi masa magana cikin ladabi, in ta ƙi a sa manya. Maigida shi ma wannan hani ya hau kansa.

Wadda aka zalunta kuma kar kunya ta sa ta yi shiru. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, da dokar kare bayanan mutane ta 2023 wadda ta kafa hukumar NDPC mai karɓar koke. Ki adana saƙonnin don shaida, ki gaya wa maigida ko waliyyinki, kuma kar ki biya mai barazana ko kwabo, don gobe ma zai dawo.

Aikin gida: a karanta tafsirin ayoyin nan 3 kafin zama na gaba. Kowacce ta sa wa wayarta makulli, ta goge manhajar da ba ta san amfaninta ba, ta kuma koya wa maƙwabciyarta wadda ba ta karatu.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shirya mana zuri'a. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.