Neman Alamar Cutar Gajiya Mai Naci a Cikin Jini

Gabatarwa

Idan zazzaɓi ya kama mutum, ɗigon jini ɗaya ya isa a gane ko na cizon sauro ne. To amma akwai cutar da har yau ba ta da irin wannan gwaji. Ita ce cutar gajiya mai naci, wadda likitoci ke kira ME/CFS. A wannan ɗan nazari zan bayyana inda masana suka kwana wajen neman alamarta a jini.

Yadda cutar take

Gajiya ce mai wuce wata shida, wadda barci ko hutu ba ya kore ta. Babbar alamarta ita ce, ɗan ƙaramin aiki kamar wanka ko hawa bene sai ya kwantar da mutum kwana da kwanaki. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan jijiya. Duk da haka, gwaje-gwajen jini da aka saba ba sa nuna komai, sai a ce majinyaci rago ne ko mai raki. Wannan shi ya fi taɓa mini zuciya.

Ƙoƙarin masana

A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka ba da sanarwar gano ƙwayar cuta mai suna XMRV a jinin majinyata. Murna ta koma ciki, domin an gano cewa gurɓacewa ce ta faru a ɗakin gwaji, aka janye binciken a 2011.

A 2019 kuma, Farfesa Ronald Davis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka zuba gishiri a kan ƙwayoyin jinin majinyata 20 da masu lafiya 20, suka auna yadda lantarki ke ratsa su. Gwajin ya ware majinyatan gaba ɗaya. Sai dai mutum 40 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.

Kammalawa

Darasin da na ɗauka shi ne, bambanta majinyaci da mai lafiya bai wadatar ba. Dole gwaji ya rarrabe wannan cuta da sauran masu kawo gajiya, kuma wasu masana su maimaita shi su samu sakamako iri ɗaya. Kafin a kai nan, mai karatu, kada mu yi wa marar lafiya kallon malalaci. Rashin ganin abu a jini ba shi ne rashinsa a jiki ba.