DARASIN KIMIYYA: DA WANE GAM AKE LIƘA ƘASHIN DAINOSO?

'Yan uwa ɗalibai, a yankin Gadufawa da ke hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar aka tono dainoson da ake kira Nigersaurus, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Wasu ƙasusuwan kansa ba su da kauri ko kaɗan, har haske na iya ratsa su. Irin wannan ƙashi idan ka ɗaga shi haka kawai, gari zai koma a hannunka. Shi ya sa masana ke fara shayar da shi da ruwan gam tun yana kwance a ƙasa.

Aikin iri biyu ne. Akwai gam mai ruwa-ruwa wanda ke shiga ƙananan ƙofofin ƙashi ya ƙarfafa shi daga ciki, akwai kuma mai kauri na haɗa gutsure biyu da suka rabu. Abin mamaki, sau da yawa abu ɗaya ne ke yin duka biyun. Sunansa Paraloid B-72. Yana zuwa ne kamar ƙananan duwatsun ado masu garai-garai, sai a narkar da shi a cikin sinadarin asiton. Kimanin kashi 5 cikin 100 ya isa shayarwa, idan kuma liƙi za a yi sai a kai shi wajen kashi 50.

Me ya sa aka fi son sa? Domin ana iya warware shi. Idan bayan shekara 30 wani masani ya gano an haɗa haƙarƙari a karkace, ɗigon asiton zai saki wurin ba tare da ƙashin ya karye ba. Kuma ba ya saurin yin ja ko rawaya. Sufa gulu da gam mai haɗi biyu irin na masu gyaran babur suna da ƙarfi, amma cire su wahala ce, wani lokaci sai sun tafi da fatar ƙashin. Masanan da can sun yi amfani da ƙaro, wanda muka sani sarai, sai dai yana jan laima, ya yi fumfuna, ƙwari kuma su bi shi.

Shi ma B-72 yana da lagonsa, kuma wannan ya shafe mu. Yana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 40, abin da watan Afrilu ke kawowa a Agadas ko Sakkwato ba tare da neman izini ba. Ƙashi mai nauyi sai ya zame a hankali daga mahaɗarsa. Don haka wasu ke zaɓen B-44 ko Butvar B-76, waɗanda suka fi jure zafi. Haka nan ba a zuba shi a kan ƙashi mai danshi, domin sai ya yi fari-fari ya ƙi shiga.

Batun saye kuwa, daga kamfanonin da ke sayar wa gidajen tarihi kayan aiki ake odarsa. Asiton ɗin ma tsantsa ake nema. Wanda ake goge jan farce da shi galibi akwai mai da turare a ciki, bai dace ba. Yana kuma kama wuta nan take, sai a wuri mai iska ake aiki da shi.

Ƙasar Sakkwato ma tana da irin waɗannan ƙasusuwa, har wata dabbar teku ta zamanin da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Wanda ya yi kiciɓis da ƙashi mai nauyin dutse, kada ya shafa masa komai. Ya ɗauki hoto, ya riƙe wurin, ya sanar da malamin kimiyya ko gidan tarihi mafi kusa.