Tawadar Allah: kada a sa mata aska

Jama'a, tawadar Allah ɗan baƙin ɗigo ce a fata. Da wata ake haihuwar mutum, wata daga baya take fitowa. Yawancinta ba ta cutarwa.

Wasu ba su son ta a fuska, sai su kai wa wanzami ya yanke. Kuskure ne. Wurin yana iya ruɓa, ya bar tabon da ya fi ta muni.

A birane, likita yana ƙone ƙarama da allurar lantarki. Amma sai ya duba tukuna. Wadda bai yarda da ita ba, yanke ta yake yi a kai bincike, don abin da aka ƙone ba ya bincikuwa.

Ga alamun haɗari:
1. Tana girma.
2. Launinta ya sake.
3. Tana ƙaiƙayi ko jini.
4. Sabuwa ta fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce.

Wannan yana iya zama sankarar fata. Maza a tafi asibitin Madawa, Buza, Keita ko Galmi. In an gano ta da wuri, tana warkewa.

Tambaya: don mi ake dubawa kafin a ƙone?