Sayen Lasifika da Ampili

Bayan kaka, wani ɗan ajinmu ya sayar da ayar da ya noma, ya hau mota zuwa Maradi. Ya dawo da manyan lasifika huɗu da ampili ɗaya, yana ta murna. Daren farko, unguwa duka ta san ya yi saye. Kafin sati ukku ampili ya yi zafi, ya yi warin ƙuna, ya mutu. Ya ce an cuce shi da jabu. Na je na duba. Kayan ba jabu ba ne. Akwai rubutu a bayansu, shi ne bai karanta ba, alhali kuwa yanzu ya iya karatu.

To, bari mu fara da sanin aikin kowanne. Tele tana nuna hoto, amma muryarta ƙarama ce. In mutane sun taru kallon kokowa ko fim ɗin Kano, na baya ba ya jin komi. Ampili akwati ne da ke karɓar ƙaramar murya daga tele ko waya, ya ƙara mata ƙarfi, ya tura ta cikin lasifika. Wani yana da rediyo a ciki, da Bluetooth, da wurin sa kati. Ku ɗauka ampili sa ne, lasifika kuma amalanke. In kaya sun fi ƙarfin sa, san ne zai faɗi.

Nauyin kayan nan yana rubuce a bayan lasifika. Juya ta, za ka ga lamba 4 ko 6 ko 8, kusa da wata alama mai kama da kofaton doki: Ω. Sunanta om. A nan sai a natsu, don abin a juye yake. Ƙaramar lamba ita ce kaya mai nauyi. Lasifika mai om 4 ta fi mai om 8 jan ƙarfin ampili. Shi ma ampili an rubuta a bayansa abin da zai iya ɗauka, misali 4 zuwa 8.

Ga inda ɗan ajinmu ya faɗa rami. Ampilinsa baki biyu gare shi, hagu da dama. Lasifikarsa kowace om 4 ce. Sai ya haɗa biyu a baki ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa. In an yi irin wannan haɗi, lamba rabuwa take yi biyu. Om 8 da om 8 su koma 4. Om 4 da om 4 su koma 2. Ampilin da aka yi don om 4 aka aza ma om 2, kuma aka murɗa shi har ƙarshe kowane dare. Ina zai kai? Da biyu kaɗai ya saya, da har yau yana kallo, kuma da sauran kuɗin aya a aljihu.

Lamba ta biyu ita ce wat, ana rubuta ta da W. A gaban kwali za ka ga an zana 3000 W da manyan baƙaƙe masu launi, da PMPO a gefe. Wannan kirari ne, irin na ɗan kokowa kafin a kama. Nemi ƙaramin rubutu inda aka sa RMS. Shi ne ƙarfin da abin ke iya riƙewa tun daga farkon fim har ƙarshe. In ka duba kwali duka ba ka ga RMS ba, ni dai ba na saye. Ɗaki ɗaya ko zaure, wat 20 zuwa 30 na RMS a kowane baki ya isa har ya yi yawa.

Sai maganar wuta. Wanda ke cikin garin Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, in yana da kuran na NIGELEC, ampili mai volt 220 zai nema. Amma a tuna, layin da ke kawo mana wuta daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Saboda haka ampilin da ke ci da kuran, kuma yana ci da batir mai volt 12, ya fi mini kwanciyar hankali. Mutumin ƙauye mai faifan sola kuwa, shi dole mai volt 12 ne nasa.

Mu yi lissafi, tunda mun koya. Batir mai volt 12, an rubuta 100 Ah a jikinsa. 12 sau 100, 1200 ke nan. Irin batir ɗin nan mai nauyi ba a shanye shi duka, in ana so ya daɗe. Rabi ake ci, wato 600. Mu ce tele tana cin wat 40, ampili yana cin 60, jimla 100. Raba 600 da 100. Awa 6 ke gare ka, in ba a kunna fitila ko cajin waya a kai ba.

Mai kanti zai nuna maka wanda aka rubuta ma 5.1. Ma'anarsa lasifika biyar ƙanana da babba ɗaya mai gurnani. Abu ne mai kyau in fim ɗin an yi shi don haka. Amma yawancin finafinan da muke turawa a waya, da labarun tele, murya ce ta hagu da dama kawai. Biyu masu kyau sun fi shida na banza.

Ranar saye, kada ka yarda da waƙar mai kanti. Ya san wadda ke ɓoye aibin kayansa. Je da taka waya, ka sa fim inda mutane ke magana. Rufe ido ka saurara. Kana jin kowace kalma, ta mace da ta namiji? Ko gurnani ya haɗiye su? Murɗa ya wuce rabi. In ka ji ƙara kamar ana yaga takarda, aje ta. Bar shi ya yi aiki kamar minti goma, ka aza hannu a kan ampili. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin hannu a kai, akwai magana. Ku yi sharaɗin maidowa tun kafin ka ƙirga kuɗi, a rubuta a takarda da kwanan wata, kai ma ka karanta da idonka.

A gida, lasifika ɗaya a hagun tele, ɗaya a dama, daidai kunnen wanda ke zaune. Ja ta shiga ja, baƙa ta shiga baƙa a duka biyun. In ka juya ɗaya, ba abin da zai ƙone, amma murya za ta yi siriri. Kada a aza komi bisa ramukan shan iskan ampili, balle a zafin Afrilu. Lokacin hazo a rufe shi da zane, amma sai an kashe ya huce.

Kunne kuma ba shi da kanti. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙara ta yi yawa, kuma yara ne ke zama gaba. Maƙwabci ma yana da gona da safe.

Aikin gida: nemi lasifika ko rediyo a gidanku ko gidan maƙwabta. Juya bayanta, ka kwafo duk lambobin da ka gani a littafinka. Sa'an nan ka lissafa wannan: batir mai volt 12 da 50 Ah, tele da ampili suna cin wat 75. Awa nawa za a yi kallo?