Ba a Sayen CCNA a Shago

Wani dattijo daga ƙauyukan bayan Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya zo shagona a nan Gusau da ɗansa. Na sami kwangilar ja wa wata makaranta netwok, na baza cigiya ina neman yaro mai hannu da zai taimaka mini, labari ya kai gare su. Bayan mun gaisa, dattijon ya zaro wata leda daga aljihun babbar rigarsa, ya warware ta a hankali, ya miƙo mini takarda da hannu biyu.

Ya ce, "Injiniya, ga takardar yaron. Sun ce wagga takarda ko Turai ya kai ta aiki za a ba shi."

An manne ta da roba, tana sheƙi. Ga tambarin Cisco a sama, ga CCNA da manyan baƙaƙe, ga hatimi ruwan zinariya, ga hoton yaron a gefe. Hoton na fara gani gabana ya faɗi, domin takardar Cisco ba ta ɗauke da hoton kowa. Na duba inda lambar CSCO ya kamata ta kasance, babu. Lambar tantancewa, babu. A wurin sa hannu, maimakon Chuck Robbins, shugaban kamfanin, sai ga sa hannun wani da ya kira kansa darakta.

Ban ce komai ba tukuna. Na zaunar da yaron gaban laftof, na jona kebul ɗin konsol a wani suwic, na ce ya nuna mini waɗanne fot ne ke aiki. Ya dubi baƙin allo, ya dube ni. Na ɗauki biro na rubuta masa 192.168.10.0/26, na ce kwamfuta nawa wannan zai ɗauka. Wanda ya yi wata guda yana karatun CCNA, ko daga barci ka tashe shi zai ce 62. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yallaɓai, ba a yi mana nan ba."

Na ce to ina ka zauna jarrabawar?

Amsar da ya ba ni ita ce ta hana ni barci. Ya ce ba su zauna ba. Mai cibiyar da aka koyar da su ya gaya musu cewa jarrabawar ta fi ƙarfin yaran nan yankin, ko a Legas ɗaiɗaiku ne ke cin ta, don haka yana da mutum da zai rubuta musu, su dai su kawo kuɗi da hoto. Wata uku yaron yana hawan mota daga Kwatarkwashi zuwa Gusau ya koma, a kan hanyar da duk mun san halinta. Abin da aka koya musu Word ne da CorelDraw, sai wasu takardu da aka tura musu ta WhatsApp aka ce su haddace. Bai taɓa riƙe rauta a hannunsa ba. Packet Tracer, wadda kyauta ake sauke ta, ko sunanta bai taɓa ji ba.

Na tambayi uban nawa ya biya. Naira 180,000, ban da kuɗin mota. Wani sa da yake kiwo ya sayar, ya haɗa da buhunan waken suya daga gonar da sai an yi kasada da rai kafin a shige ta. Da na gaya masa gaskiya bai ɗaga murya ba. Ya karɓi takardar, ya mayar da ita cikin ledar nan kamar yadda ya fito da ita, ya ce, "Ashe dai hoto muka saya." Yaron ya juya ya fuskanci bango yana share ido da hannun riga.

Na ce, "Baba, mu je wurin mutumin nan tare, in ya ƙi mu kai ƙara." Ya girgiza kai, ya ce ya bar shi da Allah. Na girmama maganarsa, amma wallahi wannan barin ne ya sa har gobe allon cibiyar yake rataye a bakin titi. Ni dai na je. Mai wurin ko kunya bai ji ba, ya ce ai shaidar halarta ce ya bayar, kuma kowa haka yake yi. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin buga tambarin Cisco a kai, sai ya fara tambayata ni wane ne a garin nan. Mutumin da in ka miƙa masa kebul ka ce ya ɗaura masa kai ba zai iya jera launukan ba, shi ne darakta!

Ku saurara da kyau. CCNA ba a ba da ita a aji. Ba malami ke ba da ita ba, ba cibiya ba, ba gwamnati ba. Cisco kaɗai ke ba da ita, bayan kai da kanka ka zauna jarrabawa ta hannun Pearson VUE ka ci. Duk wanda ya ce maka akwai wata hanya, ɓarawo ne.

Lissafi ma kaɗai ya isa ya tona asirinsu. Jarrabawar 200-301, wadda Cisco ta ƙaddamar a Fabrairun 2020 ta haɗe tsofaffin rassan CCNA wuri guda, dala 300 ce. Da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi ta hawa, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A wannan farashi kuɗin zama kawai naira 450,000 ne, albashin wata shida da ɗoriya na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. To yaya za a yi mutum ya koyar da kai wata uku, ya biya maka jarrabawa, ya ci riba, duk a cikin 180,000? Araha ba ta ado. Iyaye ba su san wannan lissafin ba, ban ga laifinsu ba. Amma yaran da ke riƙe da waya dare da rana suna kallon TikTok, minti biyar ba za su iya warewa su duba farashin abin da za a sayar da sa dominsa ba? Wannan sakacin yana ba ni haushi ƙwarai.

Yanzu maganar wuya, tunda da ita ake tsorata yara. E, jarrabawar tana da wuya, na zauna ta, ba zan yaudari kowa ba. Minti 120 ne, tambayoyi kan kai kusan 100, kuma in ka wuce tambaya ta wuce ke nan, ba a komawa baya a gyara. Za a baje maka teburin rauta a ce wace hanya fakiti zai bi, amsoshi huɗu duk suna kama da gaskiya, bambancinsu tsawon mask ne kawai. Za a jefa ka cikin aikin gwaji a ce OSPF ya ƙi haɗa maƙwabta, nemo dalili ka gyara, agogo kuma yana tafiya a kusurwar allo. Kashi 25 cikin ɗari na jarrabawar a kan haɗin IP ne, nan ne mafi yawan waɗanda na sani suke zubewa. Ga Turanci. Da Turanci da Jafananci kaɗai ake rubuta ta, kuma Turancin mai tarko ne: kalma guda a tsakiyar jimla takan juya tambayar gaba ɗaya. Na ga yara masu hannu sosai, waɗanda za su haɗa maka VLAN ido rufe, sun faɗi don ba su karanta tambaya har ƙarshe ba. In ka faɗi, za ka jira kwana biyar kafin a bari ka sake, kuma sabon kuɗi za ka biya cif.

Jarrabawoyin CompTIA ma ba wasa ba ne. Network+ tana son maki 720 cikin 900, Security+ tana son 750, tambayoyi har 90 cikin minti 90. A+ kuwa jarrabawa biyu ce, kowace da kuɗinta.

Sai kuma wuyar da ta zama tamu mu kaɗai. Wanda zai rubuta daga gida ta OnVUE yana buƙatar ɗaki shi kaɗai, da kyamara, da wuta da intanet da ba za su yanke ba na awa biyu. A Gusau! Ƙanenka ya turo ƙofa ya leƙo, mai sa ido yana iya soke jarrabawar. Ka motsa baki kana karanta tambaya, gargaɗi. Takarda da biro ba a yarda da su ba, lissafin adireshi a allon kwamfuta za ka yi shi. Mu da muka ga watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara, mutane suna tafiya har Funtuwa don su buga waya, mun san sabis ba abin da za ka jingina dala 300 a kansa ba ne ba tare da shiri ba. Wanda kuma ya zaɓi ya je cibiya a Abuja, sai ya bi ta Tsafe ya faɗa Funtuwa, da addu'ar iyaye a bayansa, ga kuɗin mota ga na masauki.

Duk wannan gaskiya ne. Amma cewa jarrabawar ta fi ƙarfin yaranmu ƙarya ce, kuma ita ce ƙaryar da ta fi yi mini ciwo, fiye da kuɗin ma. Akwai wata yarinya 'yar Tsafe da take zuwa wurina ranar Asabar lokacin tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Tsohuwar laftof gare ta, batirin ya mutu, sai an jona. Ta gina netwok a Packet Tracer ta rushe ta sake ginawa har ta daina kallon littafi, ta tara kuɗin a hankali, ta zauna da kanta ta ci. Ba wanda ya rubuta mata. Wuyar nan ita ce darajar takardar. Da ana samunta da hoto da kuɗi, ba kamfanin da zai kalle ta.

Masu haddar tambayoyin sata, waɗanda ake kira damps, ku ma da ku nake. Na san wasu suna ci da su. Amma ranar da aka kira ka cikin dare aka ce reshen banki ya yanke, ba zaɓi huɗu a gabanka, kai ne da baƙin allo. A tambayar ɗaukar aiki minti goma ya isa a gane ka. Ban da haka, Cisco ta haramta su, in ta gano tana soke takardar. Masu cewa ka sa AnyDesk a kwamfutarka wani zai shigo daga Indiya ko Pakistan ya amsa maka, wannan ya fi muni: in an kama, ana iya hana ka zama jarrabawar Cisco har abada, kuma ka buɗe wa baƙo kwamfutarka da hoton fasfonka da hannunka. Sau da yawa ma ba jarrabawar ba kuɗin, yana karɓa ya toshe lambarka. Baucar jarrabawa mai araha a Telegram, kar ka taɓa.

Kuma a daina haɗa shaidar kammala kwas da satifiket. Cisco Networking Academy gaskiya ce, tun 1997 take, akwai ta a manyan makarantu da dama a ƙasar nan, karatunta mai kyau ne, wanda ya yi ƙoƙari ma yakan sami rangwamen kuɗin jarrabawa. Amma takardar da take bayarwa a ƙarshen kwas ba CCNA ba ce. Haka shirin 3MTT da ma'aikatar Bosun Tijani ta fara a ƙarshen 2023, da horon da NITDA ke shiryawa, da kwasa-kwasan Coursera: ku shiga, ku amfana, amma ku rubuta su a takardar neman aiki da sunansu na gaskiya. Ina ganin yara suna rubuta CCNA a gaban sunansu don sun halarci bita ta mako biyu. Kana yi wa kanka illa ne.

Iyaye, kafin ku sayar da komai, ku je da wanda ya san aikin ya duba wurin. A nuna muku rauta da suwic a kunne, ba a hoto ba. A tambayi malamin lambar CSCO tasa, ko ya buɗe bajonsa na Credly a gabanku. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, daɗi ma zai ji. Kuɗin koyarwa daban, kuɗin jarrabawa daban, kuma na jarrabawa yaron ne zai biya da kansa a asusun da ya buɗe da sunansa da imel ɗinsa. Kar a bar mai cibiya ya buɗe masa asusu da nasa imel. Na sake faɗa: wanda ya ce zai rubuta wa ɗanka, ɓarawo ne, ko da a sahun gaba yake salla.

Masu ɗaukar aiki a ma'aikatu da makarantu da asibitocin jihar nan, ku ma da hannunku a ciki. Kuna karɓar kwafin takarda ku sa a fayil ba ku tantance ba, alhali shafin Cisco na tantancewa kyauta ne, minti biyu ne. Shi ya sa ake ba wanda bai san bambancin rauta da suwic ba kwangila, ya ja kebul kusa da wayar wuta, bayan wata biyu a kira mu gyara.

Wanda bai da dala 300 yanzu kada ya zauna jira. Ya fara da abin da ke kyauta, ya nemi shagon da ake aikin gaske ya riƙa bin su yana ɗaukar tsani. AWS Cloud Practitioner dala 100 ce, ga mai sha'awar wannan ɓangaren. Kada ka yi rajistar ranar jarrabawa sai ka ga kana cin gwaji a gida kana duba agogo. Sunan da ka yi rajista da shi ya zo daidai da na katin shaidarka harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed sun isa a mayar da kai daga bakin ƙofa, kuɗinka kuma ya tafi. Fasfo ko lasisin tuƙi ka riƙe, wanda bai ƙare ba. In ka ci kuma ka rubuta ranar a wuri mai kyau: CCNA da takardun CompTIA ɗin nan shekara uku suke yi, in ba ka sabunta ba sun mutu.